Me Za A Ba Tagwaye Su Tauna?

 Na san waɗansu dattawa za su ga kan wannan rubutu su yi murmushi, su ce yau kuma Fasto ya bar wa'azi ya shiga ɗakin mata. To, ku yi mini haƙuri ku karanta har ƙarshe. Cikin shekarun da na yi ina aiki a ƙauyuka na tsaya a bakin ƙananan kaburbura da yawa, sau da dama kuma in na tambayi abin da ya sami yaron, amsa ɗaya ake ba ni: "Haƙori ne ya zo masa da ƙarfi." Abin da ke ɗauke mana 'ya'ya haka ya wuce a bar wa mata su kaɗai.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Bara Allah ya ba ɗiyata tagwaye, mace da namiji. Sa'ad da suka shiga wata na shida ta zo gida ta yi mana 'yan makonni, gama mijinta yana aiki a nesa. Macen ce ta fara. Miyau yana ta dalala, gaban riga kullum a jiƙe, duk abin da hannunta ya kai sai baki, in tana shan nono kuma ta datse uwar da dasashi har uwar ta yi ƙara. Namijin kuwa ko a jikinsa, sai dai duk lokacin da 'yar'uwarsa ta tsala kuka da dare shi ma ya tashi ya taya ta. Kwana huɗu babu wanda ya yi barcin kirki a gidan.

Ranar kasuwa ɗiyata ta ce mini, "Baba, tun da za ka shiga gari, ka sayo musu abin tauna." Na ce to, ina ganin abu ne mai sauƙi. Da na isa wurin mai kayan yara sai ya baje mini: ga zobban roba masu ruwa a ciki, ga kacau-kacau mai 'yan ƙwallaye, ga 'yar tsana mai fito in an matsa ta, ga wata sarƙar duwatsu da ake rataya wa yaro a wuya. Da ya ji tagwaye ne sai ya sunkuya ya ciro wata 'yar kwalba daga ƙarƙashin tebur, ya ce, "Baba, bar waɗannan. Ga ainihin maganin. Cokali ɗaya ɗaya, su yi barci har safe." Ban sayi kome ba a ranar. Na wuce wurin wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya, na zauna kamar ɗan aji ɗaya, ta yi mini bayani. Abin da ta faɗa mini, da abin da na bincika bayan haka, shi ne na kawo muku.

Yawancin yara sukan fid da haƙori na fari wajen wata shida, galibi biyun nan na gaba na ƙasa. Wani yakan riga, wani kuma sai ya kusa shekara, duka kuwa daidai ne. Kafin yaro ya cika shekara uku haƙoransa na nono guda 20 sun gama fitowa. Abin da fitar haƙori ke kawowa kaɗan ne: ƙaiƙayi da ɗan kumburi a dasashi, yawan miyau, ƙorafi, son cizo, wani lokaci jiki ya ɗan yi ɗumi. Shi ke nan. Yaron yana so ne a danna masa wurin da ke ƙaiƙayi, sanyi kuma yana rage masa zafin. Duk wani abin tauna na kirki, aikinsa bai wuce waɗannan biyu ba, wato dannawa da sanyayawa.

In haka ne, ra'ayina shi ne a sayi mafi sauƙi. A nemi zoben roba mai tauri kaɗan, ko irin robar nan mai laushi da ake kira silikon, wanda aka zuba shi gaba ɗaya, ba haɗe-haɗe, ba wani ɗan abu da zai ɓalle. Girmansa ya kai yadda ba zai shige bakin yaro duka ba. Ka ja shi da ƙarfinka a gaban mai sayarwa, ka murɗa shi, ka kankare shi da farce. In fenti ya fita, ko ka ji yana warin roba mai hawa kai, ajiye masa abinsa. Mai ruwa a ciki yana da kyan gani, amma ranar da haƙori ya huda shi, ruwan da ba ka san irinsa ba cikin yaro zai tafi. 'Yar tsana mai fito kuwa, ɗan abin da ke yin fiton yana iya fita ya maƙale a wuya, ramin cikinta kuma yana tara miyau da datti inda hannu ba ya kaiwa. Na lura abin da ya fi tsada a kan teburin nan shi ne ya fi yawan abubuwan da za su ɓalle.

Maganar tagwaye tana da nata ƙarin. Mai yaro ɗaya yana iya sa ido a kan abu ɗaya. Mai biyu kuwa, tana juya baya wannan ya fizge na wancan ya kai baki. Saboda haka a sayi biyu, launinsu dabam, kowa ya san nasa, har yaran gidan da ke taya reno su san ja na wane ne, kore na wane ne. Ba zai hana su musanya gaba ɗaya ba, na gani da idona, amma ranar da ɗaya ya kamu da mura ko gudawa ko farin baki, za a san wanda za a raba da wane. In da hali ma a sayi huɗu, domin biyu suna baki, biyu suna wanki. Kada kuma uwa ta tada hankalinta don ɗaya ya fid da haƙori ɗaya bai fid ba. Ciki ɗaya suka kwanta, amma kowa da ranarsa. Tagwaye da yawa sukan zo kafin watanninsu su cika, irin waɗannan kuwa haƙorinsu yakan ɗan makara in aka ƙirga daga ranar haihuwa. Na ji wata tsohuwa tana cewa wai macen ta danne namijin ne, shi ya sa ta riga shi. Babu wanda ya danne wani.

Wankin ya fi sayen muhimmanci. Abin tauna yana faɗuwa ƙasa sau ashirin a yini, a tsakar gidan da kaji da awaki ke yawo. Uwa ta ɗauka ta goge da bakin zane ta mayar, ko ta lashe shi da bakinta wai ta tsabtace. Ta nan gudawar da muke ɗora wa haƙori take shiga. A wanke da sabulu da ruwa mai tsabta duk lokacin da ya faɗi, a riƙa zuba shi cikin tafasasshen ruwa in irin wanda ke jure zafi ne, a ajiye shi cikin kwano mai murfi.

Takardun da ke zuwa da waɗannan kaya sukan ce a sa a firiji. Mu da yawancin ikilisiyoyinmu ke inda ko turken wuta babu, wannan magana ba tamu ba ce. Amma muna da randa. A tafasa ruwa, a zuba a kwano mai murfi, a ɗora a bakin randa ko a gindinta ya yi sanyi, a tsoma zoben a ciki. Wanda ba shi da kuɗin zobe ma bai rasa kome ba. Ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zare, a jiƙa shi da wannan ruwa a murɗe, yaro ya tauna ana kallonsa. Cokalin ƙarfe mai sanyi a hannun babba, a ɗan danna masa a dasashi. Yatsan uwa ko na uba, an yanke farce an wanke da sabulu, a murza wurin a hankali na minti ɗaya ko biyu. Masu firiji kuma su kiyaye, sanyi ake so, ba ƙanƙara ba, gama abin da ya daskare yana iya ji wa dasashi ciwo.

Akwai abubuwan da muka saba miƙa wa yara don su yi shiru: gutsuren rake, ɗanyen karas, ƙashin kaza, ƙuli-ƙuli, dabino. Muddin ba haƙori ana ganin kamar ba kome, amma dasashin jariri yana da ƙarfin da zai gutsuro abu, ba shi kuwa da turamen da zai niƙa shi. In ya shaƙe, mintoci kaɗan ne, asibiti kuma yana da nisan sa'a guda a kan babur. Zuma ma da ake shafa wa dasashi, likitoci sun hana a ba yaron da bai cika shekara ba, domin takan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba tukuna, wadda ke iya shanye masa jiki har numfashi ya gagara. Masu ɗiga wa yaro burukutu ko wata giya a baki don ya yi barci, ba sai na tsaya a kansu ba, sun san abin da zan ce.

Sarƙar duwatsun nan ta wuya, na ɗauka sabon yayi ne na birni, ashe tsohon abu ne ya canja riga. Mu ma muna da namu: zare da wuri, da 'yar laya, da haƙorin dabba da ake ɗaura wa yaro wai haƙori ya fito da sauƙi. Har cikin gidajen masu bi ina ganinsu a ƙarƙashin riga ranar da aka kawo yaro addu'a. Abin da nake koyarwa a kan laya kun san shi, ba shi ne zancen yau ba. Zancen yau shi ne igiya a wuyan jariri. A shekarar 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye a kan irin waɗannan sarƙoƙi, bayan wani yaro ɗan wata 18 ya mutu, sarƙar ta shaƙe shi yana barci. Yanzu ku ɗauki tagwaye a kan tabarma ɗaya, wannan yana jan duk abin da ya gani a jikin wancan. Ko zoben roba na kirki, kada a ɗaura masa zare a rataya wa yaro a wuya don kada ya ɓace. Gara ya ɓace.

Yanzu bari in komo kan 'yar kwalbar da aka ciro mini daga ƙarƙashin tebur, gama ita ce ta hana ni barci fiye da kukan jikokina.

Waɗanda suka manyanta za su tuna da ƙarshen shekarar 2008. Aka fara kai yara asibitin koyarwa na Zariya, da Legas, da waɗansu wurare, da zazzaɓi da amai da gudawa, daga baya fitsari ya ɗauke musu ɗungum. Ƙodarsu ce ta mutu. Da aka bi sawu sai aka tarar an ba su wani ruwan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya yi. An sami sinadarin dayetilin gilaikol a cikinsa, abin da ake amfani da shi a man birki da ruwan sanyaya injin mota. Zuwa farkon 2009 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ce yara 84 sun mutu. A 2013 kotun tarayya a Legas ta ɗaure ma'aikatan kamfanin biyu shekara bakwai bakwai. Ba shi ne karo na fari ba. A 1990 wannan guba ɗin ce, cikin ruwan farasitamol, ta kashe yara sama da 100 a ƙasar nan, 47 daga cikinsu a asibitin koyarwa na Jos. A 2022 kuma yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, aka danganta mutuwarsu da ruwan maganin tari da mura mai irin wannan guba.

Abin da ke ci mini rai a labarin My Pikin shi ne, iyayen nan ba sakaci suka yi ba. Ƙauna ce ta kai su kemis. Sun cire kuɗi sun sayi kwalba mai kwali da rubutu mai kyau, don abin da yatsa mai tsabta da ƙyalle mai sanyi za su iya yi. Wani zai ce ai wannan tsautsayi ne, ba kowace kwalba ke da guba ba. Gaskiya ne. Amma ko wadda ba ta da guba, me take yi? In tana sa yaro barci har safe, to akwai abin sa barci a ciki, ba kuwa ƙaiƙayin dasashi ta warkar ba, muryar yaron ta kashe. In zazzaɓin cizon sauro ne ke cinsa, yanzu ya yi shiru, cutar kuma tana ta aikinta. Man shafawa mai kashe zafi ma da ake gogawa a dasashi, wanda ke da sinadarin benzoken, hukumar Amurkan nan ta hana a yi wa yaron da bai kai shekara biyu ba amfani da shi tun 2018, domin yana iya hana jini ɗaukar iska. In ciwon ya matsa wa yaro ƙwarai, ma'aikacin lafiya yana iya rubuta farasitamol na yara bisa ga nauyinsa. Na ce bisa ga nauyinsa, gama tagwaye ba lalle nauyinsu ya zo ɗaya ba, uwar da ta gaji kuma tana iya ba ɗaya sau biyu ta manta da ɗayan. A riƙa rubutawa, ko a ja layi da gawayi a bango.

Wannan ya kawo ni ga kalmar da na fara da ita, "haƙori ne." Fitar haƙori ba ta kawo gudawa, ba ta kawo amai, ba ta kawo zazzaɓi mai zafi, ba ta kawo jijjiga. Me ya sa to muke ganinsu tare? Domin wajen wata shida ne kariyar da yaro ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin ne yake fara zama da jan ciki yana kwasar abin ƙasa. Cuta da haƙori sun zo gari rana ɗaya, sai muka kama baƙon da muke gani muka ƙyale wanda ba mu gani. Kuma yaro yana cikin fid da haƙora ne daga wata shida har wajen shekara biyu da rabi, don haka duk ranar da ya kwanta, in ka buɗe bakinsa za ka sami haƙorin da za ka ɗora wa laifi.

Kada kowa ya ce wannan duhun kan mutanen ƙauye ne. Turawan Ingila sun yi shi kafin mu. A 1842 rajistar mace-mace ta London ta rubuta haƙori a matsayin sanadin mutuwar kusan kashi 5 cikin 100 na jariran da suka mutu ba su cika shekara ba. Likitocinsu suna tsaga dasashin yara da wuƙa, kamar yadda waɗansu wanzamanmu ke yi har yau. Suna kuma ba yara garin maganin haƙori mai zaiba a ciki, wanda ya yi ta sa musu wata cuta mai sa tafin hannu da ƙafa su yi ja su saɓule, sai wajen 1954 aka cire zaibar, cutar kuma ta ɓace. Su sun gane sun bari. Mu ma muna iya bari.

Iyayenmu mata za su ce, "Fasto, mun reni goma da waɗannan dabaru, ga su nan da ransu." Mama, ina girmama hannun da ya reni goma, ni ma irinsa ne ya rene ni. Amma in muka zauna muka ƙirga a hankali, sau da yawa goman nan sha uku ne aka haifa. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, a lokacin ba a sani ba, asibiti kuma babu. Roƙona kawai shi ne, ku da maganarku ta fi ta kowa nauyi a ɗakin mai jego, ku zama masu cewa "a kai shi a duba." In jikin yaro ya yi zafi sosai, wato ma'auni ya nuna 38 ko fiye, in yana gudawa ko amai, in ya ƙi nono, in idanunsa sun zurma ko maɗigarsa ta faɗa, in ya yini bai yi fitsari ba, in ya yi laushi ko ya fara jijjiga, wannan ba haƙori ba ne. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, a haɗa yadda aka rubuta a jikin takardar, a ci gaba da ba shi nono, a kama hanya. A can za su gwada jininsa, in gudawa ce kuma su ba da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. In ɗaya daga cikin tagwaye ne ya kwanta, a tafi da su duka biyu.

Da na yi tunani a kan mai kayan yaran nan, na ga ya san kasuwarsa. Ba magani yake sayarwa ba, barci yake sayarwa. Macen da ta yi kwana huɗu tana sauke wannan tana ɗaukar wancan, ga girki, ga ɗiban ruwa, ga gona, in ka nuna mata kwalba ka ce za ta yi barci, za ta saya ko da na yi wa'azi goma. Ɗiyata tana da ni da uwarta da ƙannenta biyu a gida, duk da haka na ga ranar da ta zauna a bakin ƙofa tana hawaye. Ina ga wadda take ita kaɗai, a ikilisiyar da ba ta fi gida goma sha biyar ba, danginta kuma sun juya mata baya?

Nan ne maganar ta zama tamu, dattawa. Mun iya zuwa suna, mu ci tuwo, mu ba da sabulu da turmin zane, mu watse. Wahalar tagwaye kuwa ba ranar suna take ba, tana wata na shida zuwa na goma sha biyu, lokacin da kowa ya manta. Ina roƙon Zumuntar Mata a kowace ikilisiya da ke da mai tagwaye su raba kwanaki a tsakaninsu, ko da sa'a biyu ce da rana, wata ta karɓi yaran uwar ta kwanta. Maza kuma, goyon ɗanka a kafaɗa da tsakar dare bai taɓa rage wa kowa girma ba. Majalisar dattawa ta ware ɗan abu daga baiko, a ajiye a hannun ma'aji, a san mai babur ɗin da za a tasa ko da ƙarfe biyun dare ne, domin na sha ganin an ce "haƙori ne" alhali ainihin maganar ita ce babu kuɗin mai. A sayi ma'aunin zafin jiki guda ɗaya da ƙunshin ruwan gishiri da sukari a ajiye a gidan Fasto ko na mai bishara. Mu mun sa wannan a ajandar zamanmu na wata mai zuwa, zan kuma so in ji daga sauran gundumomi yadda suka yi.

A mako na biye na koma kasuwa na sayo zobba biyu na roba zalla, ja da kore, kuɗinsu duka bai kai na kwalbar nan ba. Macen ta karɓi jan ta tauna shi har haƙora huɗu suka fito. Namijin bai fid da nasa na fari ba sai da ya shiga wata tara, koren kuwa ko kallonsa bai yi ba. Shi cokalin shayin kakarsa ya zaɓa, har yau kuma in ta zo sha sai ta neme shi a ƙarƙashin tabarma.